Jifan da Ya Tafi Inda Aka Nufa

Akwai wani matashi mai suna Bridger Hatch a wani ƙaramin gari na manoman dankali a gabashin jihar Idaho. A can ƙwallon da suke yi da hannu ake jefa ta, ana karo da jiki. Shi ne mai jifa a ƙungiyar ƙwallon sakandaren garin, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, ya ja da baya, ya zaɓi wanda zai jefa wa cikin masu gudu. Yana ajin ƙarshe, kuma burinsa ɗaya ne: wata jami'a a jihar da ke maƙwabtaka da su ta ɗauke shi ya yi mata wasa, ya yi karatu kyauta.

Ba za a rage masa ba, yaron ya iya. Ƙwallo kan bar hannunsa tana juyi, ta tafi sak kamar an ja ta da zare. Sai dai jaridar garin ba ta rubuta inda ƙwallo ta sauka. Abin da take rubutawa shi ne nawa aka jefa, nawa aka cafe. Idan mai cafka ya saki, sunan mai jifa ne yake ɗaukar asarar.

Wanda ya fi kowa sakin ƙwallonsa kuwa shi ne Lalo Zamarripa, saboda shi aka fi jefa wa. Babu wanda ya kai shi gudu a ƙungiyar. Amma duk Oktoba, idan an rufe makaranta don girbin dankali, Lalo yakan wuni a gaban injin tsince yana fitar da duwatsu da ƙasa cikin sanyi. Yakan dawo fili da yatsu a tsattsage, ya naɗe su da filasta.

Mahaifin Bridger, Royce, dillalin taraktoci ne. Ba ya rasa wasa, kuma a hanyar gida, cikin mota, yake buɗe nasa zaman shari'ar.

"Ka ga abin da yaron nan ya sake yi maka?" in ji shi wata rana. "A ƙirji ka sa masa ita. Ko jariri aka miƙa masa da ya fi haka riƙewa."

"Na gani, Baba."

"Gani ba ya isa. Mutanen jami'a lissafi suke dubawa. Makomarka ce yake zubarwa a ƙasa, kai kuma kana tsaye kana kallo."

Maganar ta samu wurin zama a zuciyar Bridger.

Ranar Litinin Lalo ya shiga ɗakin sauya kaya ya tarar an rataye masa buhun dankali a ƙofar akwatin ajiye kayansa. 'Yan wasa suka zuba ido suna jiran abin da zai biyo baya.

"Naka ne, Rariya," in ji Bridger daga kan benci. "Ka riƙa buɗe shi idan na jefo, wataƙila ta faɗa ciki da kanta."

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don kada a zama na gaba.

Lalo ya cire buhun ya ninke shi a hankali. "Na gode, mutumina, dama na gidanmu ya yage. Amma ka rage wuta idan ina kusa. Ina gabanka kamar nan da ƙofa, kake harbo ni kamar ka ga ɓarawo."

"Ƙarfin hannu ake zuwa kallo."

"To su sauko su cafe mana."

A wannan karon dariyar ta gaske ce, kuma Bridger ya lura da bambancin. Sione, ƙaton yaron da yake miƙa masa ƙwallo yana kuma tare masa masu kawo hari, ya dafa shi.

"Ƙyale shi haka, maigida. Makon jiya wa ya ratsa fili ya ci mana?"

"Ɗauke hannunka," in ji Bridger.

Daga ranar sunan Rariya ya bi Lalo. Ya bi shi aji, ya bi shi wurin cin abinci, har ƙananan yara a tashar mai suka koya. Lalo yakan yi murmushi ya wuce. Wannan murmushin ya fi sakin ƙwallo ƙona wa Bridger rai, don mai wulaƙanci ba ya ƙoshi sai ya ga alamar ciwo.

Aka zo wasan da zai kai su gasar jiha, ranar Asabar da rana, ana sanyi mai sa ƙwallo ta zama kamar dutse. Ana dab da hutun rabin lokaci Lalo ya kuɓuce wa mai tsaronsa, fili ya buɗe masa fetal. Bridger ya jefa mai kyau, irin wadda ake nunawa a faifan bidiyo. Ta sauka a tafin Lalo, ta yi tsalle, ta faɗi.

Jama'a suka yi gunaguni. Daga saman benayen 'yan kallo muryar Royce ta fito daban.

Da suka haɗa kai don shirya hari na gaba, Bridger bai kalli kowa ba sai Lalo.

"Ta tsakiya za ka bi."

"Wancan ƙaton nasu yana tsaye a tsakiya," in ji Lalo. "Tun ɗazu yake jira na."

"Na gan shi."

"To ka sa ta ƙasa-ƙasa."

"Kai dai ka buɗe buhunka."

Duk wanda ya taɓa jifa ya san ƙa'idar. Idan ka tura mutum tsakiya, inda masu tsaro suke taruwa, ƙasa ake jefa masa, daidai ciki, don ya dunƙule ya kare jikinsa. Ba a rubuta ta a ko'ina ba. Amana ce tsakanin mai jifa da wanda ya ɗauke ido daga masu zuwa kansa ya ɗora a kan ƙwallo.

Bridger ya karɓa, ya ja da baya. Ya ga Lalo ya karkato, ya ga ƙaton ya taso da gudu. Yana da lokaci, yana da wuri. Ya ɗaga jifan sama, can gaba kaɗan, daidai inda sai mutum ya miƙe gaba ɗaya kafin ya taɓa.

Lalo ya yi tsalle, hannuwa biyu a sama, haƙarƙari a buɗe. Yatsunsa suka taɓa ƙwallon. Ƙarar karon ta kai har wurin masu sayar da abinci.

Bai tashi ba. Aka shigo da gadon ɗaukar majinyata, mahaifiyarsa ta biyo shi da gudu, takalminta ɗaya a hannu. Ƙashin wuyansa ya karye, haƙarƙari ya soki huhu. Likita ya ce zai warke, amma batun wasa ya ƙare.

"Ta taɓa hannunsa," in ji Bridger ga Sione a gefen fili, ba tare da an tambaye shi ba.

Sione ya dube shi, ya tofar da yawu, ya koma can ƙarshen benci.

Sun ci wasan duk da haka. Mutanen gari suka ce ƙaddara ce, ƙwallo ta gaji haka. Aka kai wa iyayen Lalo abinci a kwanuka, Royce ma ya aika da nasa. Shi kansa Koci Sorensen, mai horar da su, ya ɗauka sanyi ne ya sa ƙwallon ta zame. Bridger ya yi barcinsa lafiya.

Cikin makon aka yi waya cewa wakilin jami'ar, wani Mista Gaines, zai zo ya gana da su. Royce ya zaunar da ɗansa a teburin cin abinci ya yi ta yi masa bita.

"Zai kawo maganar lissafinka, dole. Kada ka kuskura ka ce ka yi kuskure ko sau ɗaya. Masu cafkarka ne ba su da hannu. Duk wadda ya nuna maka, ka ce inda ka nufa ta je. Ka ji ko?"

"Ai gaskiya ce ma, Baba."

"Shi ya sa nake son ka."

Suka haɗu a ofishin Koci Sorensen da hantsi. Mista Gaines dattijo ne mai sanyin magana, da kofin kofi a hannu ɗaya da kwamfuta a ɗayan. Kafin ya gama zama Royce ya fara.

"Yallaɓai, kafin ka duba lissafin nan, ya kamata ka san irin yaran da yake jefa wa."

"Ban damu da lissafin jarida ba, Mista Hatch," in ji Gaines. "Ni faifan bidiyon wasa nake kallo. Duk ƙwallon da ta taɓa hannu aka saki, a wurina jifa mai kyau ce, na mai jifa ce. Idan aka yi haka, ban ga yaron da ya kai ɗanka saiti a jihar nan ba. Tun watan jiya na faɗa wa shugabanmu."

Royce ya jingina da kujera yana murmushi. Bridger ya gyara zama. Ashe duk abin da Lalo ya saki bai rage masa komai ba.

"Guda ɗaya ce ta tsaya mini," in ji Gaines, ya juyo da kwamfutar.

Ga Lalo yana karkatowa tsakiya. Ga ƙaton yana tasowa. Gaines ya tsayar da hoton daidai lokacin da ƙwallon ta bar hannu.

"Ƙafarka a dashe take, babu mai matsa maka. A duk faifanka ban ga ka ɗaga ta haka a tsakiya ba. Zamewa ta yi, ɗana?"

Royce ya fi ɗansa saurin gane inda tambayar ta dosa. Ya miƙa ƙafa ta ƙarƙashin tebur ya taka shi. Amma Bridger ya ɗauka tunatarwa ce a kan bitar da suka yi. Kuma ko da ya gane, kalmar da ake nema ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

"A'a, yallaɓai. Ni ƙwallo ba ta zame mini. Inda na nufa ta je. Ka duba, ta taɓa hannunsa. Da ya riƙe da ba a yi maganar ba."

"Ka ga wancan yana zuwa?"

"Ina ganin kowa a fili, yallaɓai."

"Abin da yake nufi," in ji Royce, "sanyin ranar..."

"Na ji abin da yake nufi." Gaines ya rufe kwamfutar. "Na taho ina fatan ka ce mini kuskure ne. Mai kuskure ina da masu gyara masa kafaɗa da tsayuwa, cikin wata guda. Amma kai saitinka lafiya lau. Yaran da zan ba ka su yi maka gudu, ni na zauna a falon iyayensu na ce zan kula da su."

Ya miƙe, ya gode wa Koci da kofi, ya fita.

Koci Sorensen ya kalli Bridger kamar yau ya fara ganinsa.

"Ka ajiye hular wasanka a kan teburin nan kafin ka tafi," in ji shi.

Garin ƙarami ne, masu neman 'yan wasa kuma sun san juna. Wayar ba ta sake bugawa ba. Ƙungiyar ta je gasar jiha da wani mai jifa, aka fitar da ita a zagayen farko, kuma babu wanda ya ce ina ma Bridger yana nan.

Da bazara ta shigo, masu wucewa ta bayan shagon taraktoci sukan gan shi shi kaɗai. Ya rataye tsohuwar taya a jikin ƙarfe, yana jefa ƙwallo ta tsakiyarta. Ba ya kuskurewa. Sai dai duk wadda ya jefa, shi zai taka ya je ya ɗauko.

Darasi: Kuskuren abokin aikinka ba ya rage maka daraja a idon wanda ya san aiki, abin da ka yi masa bayan kuskuren shi ake auna ka da shi. Gwaninta ba tare da amana ba makami ce kawai, kuma bakin da bai iya cewa "na yi kuskure" ba, wata rana shi zai ba da shaida a kan mai shi. Ku tura wa wanda Allah ya ba baiwa, tun bai fara raina masu taya shi ba.