Hamida a Talabijin ɗin Mota

Abdulgafar mutumin Daudawa ne, ɗan kasuwar hatsi, yana sayen masara da waken soya a hannun manoma ya kai Sheme da Funtuwa. Ba marowaci ba ne, kuma ba ya wasa da salla. Cutarsa ɗaya ce, son a gani. In ya ɗinka sabuwar riga sai ya bi ta kowace majalisa kafin ya isa gida. In ya sayi waya sai ya yi ta kiran mutanen da ba shi da abin da zai faɗa musu. Kuma duk wanda ya yi masa gyara ya zama ɗan ƙauye mai hassada, ko da uwar da ta haife shi ce.

Shekarar da masara ta yi daraja ya sayar da tsohuwar motarsa, ya tafi Kaduna ya dawo da wata baƙa mai sheƙi. Ba ƙarfin injinta ne ya ɗauke masa hankali ba, wani allon gilashi ne da ke gaban direba, faɗinsa kamar faranti. Da yatsa ake taɓa shi. Ka taɓa nan kiɗa ya tashi, ka taɓa can sanyi ya busa, waya ma ta cikinsa ake amsawa. In kuma aka sa giyar baya, sai ya nuna duk abin da ke bayan motar, saboda wata 'yar kyamara kamar ƙwayar gyaɗa da aka maƙala a saman lamba. Yaran unguwa suka sa masa suna talabijin.

To, gidan su Abdulgafar a cikin lungu yake. Da gaba ake shiga da mota, da baya ake fita, babu wurin juyawa. A lungun nan awaki suke kwana, nan mahaifiyarsa Inna Mero take shanyar kuɓewa, nan yaran gida da na maƙwabta suke wasa tun safe. Lokacin tsohuwar mota, ba ya tashinta sai ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya kori 'yan akuya, ya daka wa yara tsawa su matsa jikin bango. Sannan ya sauke gilashi, ya fito da kai yana waige har ya fita titi.

Da sabuwar ta zo, duk wannan ya zama ƙauyanci. Maduban gefe ma ya naɗe su saboda ƙuncin lungu, bai ƙara buɗewa ba. Motar tana da wata ƙara da take yi, tit-tit-tit, in wani abu ya matso bayanta. Kaza ta gilma ta yi, akuya ta gilma ta yi, tana katse masa kiɗa. Rannan ya bi cikin allon da yatsa har ya gano inda ake kashe ta, ya kashe.

Abokinsa Nasir, wanda suke harkar hatsi tare, yana zaune a gefe ya ce, "Kai mutumina, da ka bar ta. Ba banza suka sa ta ba."

Abdulgafar ya ce, "Don garin da babu awaki suka yi ta. Ni da nake gani ƙuru-ƙuru, me zan yi da kuka?"

Amma abin da ya fi wannan muni shi ne wasan da ya koya wa ɗiyarsa. Hamida ba ta kai shiga makaranta ba, yarinya ce mai surutu, mai son kwalliya, kakarta tana kiranta ƙawata. Ranar da abokai suka zo ganin mota, Abdulgafar ya cika ta da su, ya tada inji, ya leƙo ya ce, "Hamida! Ruga baya ki tsaya, ki yi musu rawa!"

Yarinya ta ruga. Ya taka birki, ya sa giyar baya. Sai ga ta a allo, kanta ya yi girma, ƙafafunta sun yi 'yan mitsi-mitsi, tana tsalle tana ɗaga hannu. Mota ta kaure da dariya. Nasir ya ce, "Lallai Alhaji, ka kai ɗiyarka Kano wurin 'yan fim ba kuɗin mota!" Hamida ta zagayo da gudu tana haki, "Baba, na fito? Na fito a talabijin?" Ya ce, "Kin fito tar, kin fi kowa kyau."

Shi ke nan. Duk baƙon da ya zo sai an yi masa wannan wasa. Yarinya kuwa abin da aka yaba mata shi take maimaitawa. Ta kai ga da ta ji an tada mota, ko abinci take ci sai ta ajiye, ta nufi bayan mota tun ba a kira ta ba.

Matarsa Shafa'atu ce ta fara magana. Wata safiya ta cafko Hamida a bakin zaure, ta ɗan make ta, yarinya ta sa kuka. Abdulgafar ya fito daga mota rai a ɓace.

"Me ta yi miki?"

"Baban Hamida, bayan mota za ta. Wallahi gabana faɗuwa yake duk ka tada motar nan. Ka hana ta, ni ba ta jin tawa tunda kai ka sa ta."

"Ke dai ba ki san abin da kike faɗa ba. Ko ƙadangare ya bi ta bayan motar nan ina ganin shi. Ki koma ki ji da tukunyarki."

Shafa'atu ta kai ƙara wurin Inna Mero. Da ya shigo gaisuwa da yamma, tsohuwa ba ta bari ya gama durƙusawa ba.

"Kai, zo nan. Wace irin tarbiyya ce wannan? Kowa yana koya wa ɗansa gudun mota, kai kana koya wa taka ta tare ta?"

"Inna, ba irin motocin da kika sani ba ce. Wannan ido gare ta a baya."

"Ido gare ta? To kai naka biyun da Allah Ya ba ka, ajiyar wa kake yi da su? Wuyanka ciwo yake da ba za ka iya waiwaye ba? Ubanka da keke ya rayu, amma bai taɓa turo shi daga zaure ba sai ya duba ko da yaro a hanya."

Ya yi 'yar dariya. "Inna ke nan. Zamani ne ya wuce ku."

"Ya wuce mu lafiya. Ni dai na faɗa maka, ka raba ƙawata da bayan motar nan. Ba roƙonka nake ba."

Ya ce to. Irin to ɗin nan da ake faɗa don a tashi daga gaban babba. Washegari surukinsa ya zo daga Sabuwa, aka sake kiran Hamida ta yi rawa.

Ana nan damina ta kankama. Wata rana ya je Ruwan Godiya duba kaya, ruwa ya tare shi a hanya, ya dawo motar ta yi dumu-dumu da jar laka har saman lamba. Ya ce gobe zai kai ta wanki. Da safe yana shan koko sai wayar Nasir: ga wata babbar mota ta zo Sheme neman masara, in bai yi sauri ba wasu za su riga su. Ya ajiye kofi, ko sallama bai yi wa Inna ba, ya faɗa mota. Addu'ar hawa da ya saba yi ma ranar ba ta zo bakinsa ba. Yana tada inji kiɗan jiya ya ci gaba daga inda ya tsaya, gilasai a rufe.

Ya sa giyar baya. Allo ya kawo, amma babu komai a ciki sai wani ja-ja mai duhu. Laka ta toshe kyamarar. Ya sa hannun riga ya goge allon. Jama'a, allon ya goge! Dattin yana waje a bayan mota, shi yana zaune yana goge gilashin ciki, don kada ya fita takalminsa ya taɓa caɓi. Ya ga bai washe ba, ya yi tsaki. Zuciyarsa ta ce masa ya sauka ya duba. Sai ya ce a ransa, lungun da nake fita kullum, da sassafen nan wa zai tsaya a ciki? Ya ɗaga ƙafa daga birki.

A cikin gida kuwa, daren jiya kakarta ta ƙunsa wa Hamida lalle, da safen aka kwance, ya kama ja wur. Shafa'atu tana bayan ɗaki tana wanki. Yarinya ta ji inji, ta miƙe da hannuwa a sama, ta fita da gudu za ta nuna wa babanta lalle a talabijin.

Abdulgafar ya ji motar ta hau wani abu ta sauka. Ya ɗauka bulo ne. Har zai ƙara wuta, sai ya ga Inna Mero a jikin gilashinsa, ba ɗankwali, tana dukan gilashin da hannu biyu, bakinta a buɗe. Kiɗa bai bar shi ya ji abin da take faɗa ba. Ya kai yatsa zai kashe, ya taɓa nan ya taɓa can, kiɗan ya ƙara ƙarfi. Sai da ya buɗe ƙofa sannan ihun ya shigo masa.

"Ka taka ta! Ka taka ta! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ka taka ƙawata!"

Hamida tana kwance cikin laka, ƙafarta ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ko kuka ba ta yi. Shafa'atu ta fito da kumfar sabulu a hannu, ta gani, ta zube. Abdulgafar ya tsaya kamar an dasa shi. Maƙwabci ne ya sunkuci yarinyar, shi ne kuma ya karɓi makulli ya ja motar zuwa asibiti a Funtuwa, don mai motar ko sitiyari ba ya iya riƙewa.

Likitoci suka yi abin da za su iya. Suka ce rai ya tsira, ƙafar ma ba za a yanke ba, amma ƙashin ya farfashe a wurin da yake girma. Za ta taka, sai dai ba za ta ƙara tafiya daidai ba.

'Yan dubiya suka cika barandar asibitin, kowa da abin da yake faɗa. "Ƙaddara ce, Alhaji." "Tsautsayi ne, ka yi haƙuri." Abdulgafar yana gyaɗa kai, har ya fara jin sanyi-sanyi a ransa. Ya buɗe baki ya ce, "Wallahi kyamarar ce ta cuce ni, da ba ta toshe ba..."

Inna Mero tana zaune a tabarma da carbi. Ba ta taɓa yi masa faɗa a gaban mutane ba tun da ya yi aure. Ranar ta miƙe.

"Rufe mini baki. Na yi imani da ƙaddara tun ba a haife ka ba, kada ka ɓuya a bayanta. Kyamara ce ta ce Hamida ruga baya ki yi rawa? Kyamara ce ta kashe ƙarar da aka sa don ta tsayar da kai? Matarka ta faɗa maka, ka ce ta koma kan tukunya. Ni na faɗa maka, ka ce zamani ya wuce ni. To ga zamani can kwance a gado, shiga ka gaishe shi! Don mutane su ce motar Abdulgafar, ka sayar da ƙafar ɗiyarka. Wallahi da akuyar wani ka taka da na ji kunya, balle wannan."

Nasir ya sunkuyar da kai, don shi ma ya yi dariya a ranar farko. Babu wanda ya ce wa tsohuwa ta yi haƙuri.

Da la'asar Hamida ta farfaɗo sosai. Shafa'atu tana gefen gado, tun safe ba ta dubi mijinta ba. Ya shigo a hankali ya durƙusa. Yarinya ta juyo da kai, ta gan shi, ta ɗago hannunta mai lalle, da ƙyar, da allurar ruwa a jiki.

"Baba."

"Na'am, Hamida."

"Na tsaya inda kake cewa. Na ɗaga hannu." Ta ja numfashi. "Ban fito ba ne?"

Abdulgafar ya kifa fuskarsa a bakin gadon. Kukan da ya yi har ɗakin da ke gaba sai da aka ji.

Yau Hamida tana zuwa makaranta, tana jan ƙafa, ƙannenta suna tsayawa jiranta a hanya. Da ta ji an tada mota sai ta maƙale a jikin bango ta rufe ido. Ubanta kuwa ya buɗe madubansa, ya mayar da ƙarar da ya kashe, kuma ba ya shiga mota sai ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ko da farar shadda ce a jikinsa. Duk abin da aka roƙe shi ya yi a da, yanzu yana yi ba a roƙe shi ba. Sai dai ƙafar ba ta dawo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari, musamman gare ku iyaye maza masu abin hawa: na'ura taimako ce, ba ta ɗauke muku nauyin da Allah Ya ɗora muku. Allo yana toshewa, yana mutuwa, kuma ba shi za a tambaya ranar lahira ba, ku za a tambaya. Kafin ka motsa mota ka sauka ka duba da idonka, jinkirin nan bai kai darajar yatsa ɗaya na yaro ba. Kada ka mayar da ɗanka kayan nuna wa abokai, domin duk abin da ka yaba masa yau zai maimaita shi gobe lokacin da ba ka kallo. In kuma uwarka ko matarka ta ce maka tana jin tsoro, ka saurara, ba sai ta san sunan na'urar ba kafin ta san haɗari. Wanda aka gargaɗa ya ƙi ji, kada ya zo daga baya yana kiran ƙaddara. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya raba mu da girman kan da yara za su biya.