Layi Biyu Na Baba Mai Gyara

Ƙawata, ajiye wankin nan ki matso, ba gudu zai yi ba. Akwai abin da nake so ki ji.

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Gyara. Shekara ashirin ya yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene yana gyaran kayan kiɗa. Ganga ta fashe, jita ta tsinke, fiyano ya daina magana, duk wurinsa ake kaiwa. Wata rana shugabar makarantar firamare ta unguwar ta ji shi yana rera waƙa yana aiki, sai ta roƙe shi ya riƙa koya wa yara ranar Talata da Alhamis. Haka ya zama malami, bai taɓa riƙe satifiket ko ɗaya ba.

Duk shekara unguwar tana shirya gasar waƙa da kiɗa a ɗakin taron makarantar. Malamai uku ake ɗorawa su yi alƙalanci, kuma shekara bakwai ke nan Baba yana zama a kujerar ƙarshe ta hagu. Duk shekarar babu ranar da yake so kamarta. Tun saura kwana biyu matarsa take goge masa riga ta rataye a bayan ƙofa, ta hana jikoki kusantar wurin.

A bana sai aka kawo sabon alƙali, malamin kiɗa na babbar sakandare. Mutumin kirki ne, ya kuma san aikinsa, sai dai ya san ya sani. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Farfesa, shi kuma bai hana ba. Ta ukunsu malamar wasan kwaikwayo ce, Anti Dirama, wadda in ta yi dariya sai an ji a bakin titi.

Sakataren gasar ya ce kowane alƙali ya rubuto tarihinsa, a karanta wa jama'a ranar taro. Farfesa ya kawo shafi biyu cif: makarantun da ya yi, tarurrukan da ya halarta, da satifiket uku. Anti Dirama ta kawo rabin shafi, har da shekarun da ta yi tana fitowa a rediyo a matsayin masifaffiyar tsohuwa tun tana budurwa. Baba kuwa layi biyu ya kawo, da fensir:

"Na yi shekara ashirin ina gyaran kayan kiɗa. Na yi sha ɗaya ina koya wa yara waƙa."

Farfesa ya juya takardar ya duba bayanta. "Baba, ina sauran?"

"Ai ke nan, ɗana. Sauran sai dai ka tambayi jitocin."

Anti Dirama ta fashe da dariya, amma Farfesa bai yi ba. Washegari ya je ya samu 'yan kwamiti. Ya ce, "Ba raina Baba na yi ba, babana ne a haife. Amma gasa ta girma. Yaya wanda bai san rubutun kiɗa ba zai ba wani maki?" Kwamiti suka ce a bari a gama ta bana, da yamma su zauna a ofishin shugabar makaranta su yanke: ko Baba ya ci gaba, ko a sallame shi da godiya.

Anti Dirama ce ta kai wa Baba labari, don ba ta iya riƙe magana. Ya ce, "To, Allah Ya zaɓa mana mafi alheri." Amma ranar ko rabin abincinsa bai ci ba.

Ranar gasa ɗaki ya cika har baranda. Aka karanta tarihin Farfesa, aka daɗe ana tafi. Aka karanta na Baba, kafin mutane su gyara zama har an gama. Daga nan Farfesa ya buɗe taro da kansa, ya zauna a kan fiyanon makaranta ya buga ya rera, kuma gaskiya ya burge. Bayansa masu ganga suka yi, masu jita suka yi.

Sai aka kira Maman 'Yan Biyu, tela ce a layin kasuwa. Wata uku tana gwajin waƙarta, tana taka keke tana rerawa. Ƙanin mijinta, direban bas, shi ne mai buga mata fiyano.

Ta fara. Tun baitin farko aka ga jijiyar wuyanta ta tashi. Da ta zo amshi sai muryar ta tsage kamar tsohon zane. Ta sake gwadawa, ta sake tsagewa. Aka fara dariya daga baya. 'Yan biyunta da ke gaba suka sunkuyar da kai.

Farfesa ya ja makirufo. "Baiwar Allah, waƙa ba a yi mata shigar ƙarfi. Kin ɗauko abin da ya fi ƙarfin muryarki. Shi ya sa ake karatu. Uku bisa goma."

Hawaye ya cika mata ido, ta juya za ta sauka.

"Tsaya, 'yata," in ji Baba.

Ya miƙe a hankali, ya taka har gaban fiyanon, ya sa tabarau ya leƙa. Ƙawata, irin wannan fiyano na lantarki yana da wani ɗan maɓalli a gefe. In aka danna shi, sautin gaba ɗaya yakan hau sama ko ya sauko, alhali yatsun mai bugawa suna nan inda suka saba. Baba ya danna shi sau huɗu, ya ce da direban, "Buga mu ji."

Ya buga. Maman 'Yan Biyu ta zaro ido. "Wallahi wannan ne! Wannan ne muke yi a gida!"

Baba ya ce, "Wani ne ya ɗaga shi hawa huɗu ya manta bai mayar ba. Muryarki lafiyarta ƙalau. A ƙasa kika yi gwaji, aka ce ki rera daga saman bene."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "To wa ya taɓa?"

"Ni mai gyara ne, ba ɗan sanda ba," in ji Baba, ya koma kujerarsa.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, don ya san shi ne ya ɗaga sautin lokacin buɗe taro, ya dace da siririyar muryarsa. Ya zauna yana jiran Baba ya kalle shi. Baba kuwa fensirinsa yake feƙewa.

Ta sake rerawa daga farko, ɗaki ya yi tsit har ta dire. Ita ta zo ta biyu.

Bayan la'asar kwamiti ya zauna. Kafin shugaban kwamiti ya buɗe baki, Farfesa ya miƙe. "Ni ne na taɓa fiyanon. Na kunyata baiwar Allah a kan laifina, dattijon nan kuma ya rufa mini asiri. Na janye maganata, gobe kuma zan je shagonta in ba ta haƙuri." Ya juya. "Amma Baba, don Allah yaya aka yi ka gane? Ni da kunnena na ji, ban kawo komai ba."

Baba ya ce, "A shago, cikin goma da za su shigo, tara da kuka suke zuwa: hannuna ya lalace, kunnena ya mutu, na tsufa. In na buɗe kayan sai in tarar wata 'yar waya ce ta saki. Tun daga nan na daina fara zargin mutum. Kayan nake fara dubawa."

Anti Dirama ta buga tebur. "Sakatare, rubuta wannan! Layi na uku ke nan."

Babu wanda ya sake tayar da zancen sallama. Da za su fita, Farfesa ya riƙe masa ƙofa ya ce, "Baba, zan iya zuwa ajinka ranar Talata in zauna in ji?"

"Bismillah, ɗana. Sai dai kujerun na yara ne. Sai ka sauko ƙasa sosai."

"Zan sauko," in ji Farfesa. Ya kuwa je.

Darasi: Kada ki auna mutum da tsawon takardarsa, Allah Yakan ajiye sani a inda ba a zato. Kafin ki yanke wa wani hukunci, duba ko hannunki ne ya taɓa maɓallin. In kuma Allah Ya ba ki dama a kan wanda ya raina ki, rufa masa asiri, don rufin asiri yana gyara abin da tonon silili ba ya gyarawa. Ki tura wa 'yan uwa su ma su amfana.

Darasin dai ki yaɗa shi. Amma cewa matar Farfesa ce ta ba ni labarin a bakin ƙofar makaranta, muna jiran a tashi yara, wannan don Allah ya tsaya tsakanina da ke. Kada ki faɗa wa kowa.