Kujerar Dakta Ɗantani

Ku gyara zama, wannan shari'ar a hannunku zan bar ta.

A wata ƙasa an yi wani likita, Dakta Ɗantani, mai asibitin wankin ƙoda. Yana da 'ya'ya uku, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko 'yan uba ba su kai su kishin juna ba. Mamuda lauya ne, da shi aka rubuta dokar da ta haramta kirifto, kuɗin nan na intanet, kuma shi uban ke yabo a gaban baƙi. Gambo kuwa kirifton ne sana'arsa, da dokar ta fito ya koma yi a ɓoye. Autarsu Laure ta karanci kwamfuta, ba mai tambayarta komai.

Wata safiya aka tarar ɓarayin intanet sun kulle kwamfutocin asibitin kaf. Ba a san maganin kowa ba, ba a san jinin kowa ba, ga marasa lafiya kwance jiki na kumbura. Ɓarayin suka ce sai an fanshi mabuɗin da kirifto. Tsoho ya tara 'ya'yansa, ya ce, "Duk wanda ya ceci mutanen nan, kujerata ta shugabancin asibitin nan tasa ce."

Banki ba ya sayar da abin da doka ta hana. Gambo ne ya bi ta lungunan da ya sani, ya samo, ya tura wa ɓarayin kafin alƙalami. Suka buɗe sashen da masu tsananin ciwo suke, aka ɗora su kan inji, suka rayu. Sauran kuma ɓarayin suka riƙe, suka ƙara farashi.

Laure ta zauna ta bi sawun abin da Gambo ya tura, don kirifto duk inda ya bi sai ya bar sawu. Daga wannan asusu zuwa wancan, har ya sauka hannun wani dillali a cikin garin, wanda ke canza wa ɓarayin kuɗi.

Sai dai ba hujjar da ta haɗa dillalin da kutsen. Mamuda ya ce ba a buƙatar ta, riƙe kirifto kaɗai laifi ne. Da dokarsa aka kama mutumin, da ya ji matsa ya tona abokansa, aka karɓo mabuɗin, asibiti ya dawo aiki.

Ranar da aka zauna maganar kujera, ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Mamuda ya ce ba don haramcin ba da dillalin na yawo har yau. Gambo ya ce, "Yaya, haramcin naka ya hana su kulle mu? Mu ya ɗaure wa hannu, saura kaɗan a yi jana'iza." Mamuda ya tuna masa cewa dokar da ta kama dillali tana iya kama shi. Laure ta yi murmushin takaici, ta ce ɗaya ya ciyar da ɓarayi, ɗaya bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, amma har yanzu sunayensu kaɗai Baba ke kira.

Tsoho ya sunkuyar da kai, ya ɗage zaman ba tare da ya zaɓi kowa ba.

To jama'a, mai doka, mai karya doka, ko mai bin sawu: wa za a ɗora kan kujerar nan?