Wandon Kumatu

Akwai wani tela mai shago a bakin titi, yana da ɗa ɗaya tilo da ake yi wa laƙabi da Kumatu. Telan ya tashi cikin rashi, a rame kamar tsinke, don haka ya rantse ɗansa ba zai san yunwa ba.

Ya kuwa cika alkawari har ya zarce. Da an tashi daga makaranta, Kumatu zai zauna gefen keken ɗinki da waya a hannu, lemon kwalba na bin biskit. Duk zangon karatu sai uban ya farke ƙugun wandonsa ya ƙara ƙyalle, yana dariya: "Yarona ya fi ƙarfin tef!"

A shagon nan telan yake ɗinka wa nasa mahaifin wando, yana naɗe ƙafar hagu ya ɗinke. Ciwon suga ne ya sa aka yanke ta.

Wata rana ƙanwar telan ta shigo, ta tarar yana dirje wuyan yaron da jiƙaƙƙen tsumma.

"Yaya, baƙin nan ba datti ba ne. Haka wuyan Baba ya yi kafin ciwonsa ya bayyana. Abin nan yana jininmu, ka kai shi a duba."

Telan ya haɗe rai. "Kar ki yi wa ɗana mugun baki. Naki da suke kamar sandar rake, wa ya ce musu uffan?"

Ta fita da hawaye. Shi kuwa ya buɗe wa yaron wani lemon, don dai ta gani.

Kwanaki suka shuɗe. Telan ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ya ce zafi ne. Zare ya fara ƙin shiga allura, ya ce hasken shagon ne. Mai taurin kai ba ya rasa dalili.

Ran nan yana cikin taka keke, Kumatu ya ɗago kai daga waya.

"Baba, jini!"

Allura ce ta nutse a tafin ƙafar telan, jinin har ya fara bushewa. Bai ji komai ba. Sai ya tuna da irin wannan na mahaifinsa ya fara.

A asibiti likita ta gwada su duka biyun. "Ciwon suga ne. Naka ya daɗe da shiga," ta ce wa telan. "Na yaron yana bakin ƙofa. Idan aka gyara cimarsa, ya riƙa motsa jiki, ana iya tare shi."

Da suka dawo shago, wandon mahaifinsa mai ƙafa ɗaya yana rataye kusa da na Kumatu. Sai a ranar ya lura ƙugunsu ɗaya ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ƙanwarsa don ya ba ta haƙuri.

Darasi: Ƙibar yaro ba ita ce lafiya ba, kuma ba duk abin da ka ba ɗanka ne gata ba. Idan akwai ciwon suga a danginku, ku je a gwada ku, ku saurari mai faɗa muku gaskiya. Tura wa wani uba ko wata uwa, wataƙila ka ceci ƙafar wani.