Gaisuwa Daga Bayan Taga

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai gyaran takalma, ana ce masa Tanimu. Yana da amini tun na ƙuruciya, Barau, kullum a kwano ɗaya suke cin tuwo. Sai Allah ya jarabci Barau da ciwon ƙoda, har ta kai ana kai shi asibiti wankin ƙoda. Tanimu ne ɗan rakiya, kuma da kunnensa ya ji likita na cewa murar da mai lafiya zai warke da shayin citta, in ta kama mai wankin ƙoda tana iya sauka ƙirjinsa ta tafi da shi.

To ku saurara. Mura ta shigo gari, gida gida. Tanimu ya wayi gari da zazzaɓi da tari. Ya zo ƙofar ɗakin Barau, ya ga 'yan dubiya cike, sai ya ja da baya ya tsaya ta taga.

"Shigo mana, ga tuwo," in ji Barau.

"Mura nake yi, ba zan shigo ba."

"Mura? Kai ma ka fara ƙyamata ke nan."

Wallahi maganar nan ta soki Tanimu. Mutane kuwa, kun san mu da baki, aka ce ya yar da amininsa. Kullum sai ya zo ta taga ya yi sallama, Barau ya ƙi amsawa. Tsoro ya hana Tanimu sukuni: in ya shiga ya cuce shi, in bai shiga ba, kada Barau ya rasu yana fushi da shi. Ya daure dai, bai shiga ba.

Ran nan Barau ya je asibiti wankin ƙoda, ya tarar da gadon da ke kusa da nasa ba kowa. Ya tambaya, aka ce 'yan dubiya suka kai wa mai gadon mura, ta sauka ƙirjinsa, jiya aka yi jana'izarsa.

Da yamma Tanimu ya yi sallama ta taga. Sai ya ji muryar Barau: "Wa alaikumus salam. Tanimu, tsaya nan inda kake. Amma don Allah kada ka tafi."

Jama'a, dubiya ibada ce, amma ba a yin ibada da cutar da wanda aka je dubawa. Kai da ke tari a sahun nan, in kana da mara lafiya, gaishe shi daga nesa, ka haƙura da abin da za a ce. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.