Tsohuwar da Ba a Zuwa Ɗibar Wutarta

'Yan'uwa, kwana shida ke nan wani abu yana cina a rai. Da aka ce ni zan koyar ranar Lahadi, misalin nan kaɗai ya zo mini.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye wadda murhunta bai taɓa mutuwa ba. Kullum takan rufe garwashi da toka, da safe kuma matan unguwa su zo da kasko su ɗebi wuta. Nan ake gaisawa, nan take jin wa ya haihu, wa ya kwana da zazzaɓi.

Da ƙarfinta ya ragu, ɗakinta kuma ya fara yoyo, ɗanta ya gina mata sabo a gidansa na gari, da rufin kwano da katifa. Ya ce, "Inna, kin gama wahala. Ko tsinke kada ki ɗaga."

Aka riƙa kawo mata tuwo har bakin gado. Amma kowace safiya sai ta zauna tana kallon ƙofa, ba mai shigowa. Ta fara mayar da tuwon yadda aka kawo shi. Ta rame.

Ɗan ya durƙusa ya ce, "Inna, me kika rasa a gidan nan?"

Ta ce, "Ban rasa kome ba, ɗan nan. Ni ce dai ba wanda ya rasa."

Matar ɗan tana jinsu. Ta kafa duwatsu uku a ƙofar tsohuwar, ta ajiye itace, ta koma aikinta. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, can ta hura wuta, don hannu ya saba. Washegari matar ta zo da kasko ta ce, "Inna, wutata ta mutu. A taimaka mini."

Tsohuwa ta tone toka tana faɗa: "Mace da 'ya'ya huɗu ba ta iya kwanar da wuta ba? Matso in nuna miki." Ranar ta cinye tuwonta tas.

Ga ma'anar misalin. Sabon ɗakin shi ne alherin da muke yi wa iyayenmu, yana kuwa da kyau. Wutar ita ce abin da Ubangiji ya ba su domin su ba waɗansu. Girmama iyaye bai tsaya ga ciyar da su ba, har da zuwa gare su da kasko a hannu.

To, ga damuwata. Ran Alhamis mota za ta kawo Mamata daga ƙauye. Na yi wa ɗakinta fenti, na saka labule. Ta tambaye ni a waya, "Saratu, me zan riƙa yi a can?" Na ce, "Hutawa."

Idonta ya yi rauni, bara ma ta ƙona zanenta, ba zan iya barinta da murhu ba. Ku da kuka riƙe tsofaffi, ku gaya mini, ranar Jumma'a da safe me zan je in roƙa a wurinta?