Akuyar Iya Tasalla da Miyar Alƙali

An ce wai a wani gari na gefen fadama an yi wani alƙali, Malam Muhtari, wanda zurfin ilminsa bai hana shi fara'a ba. Garin kuwa yana da doka, duk dabbar da ta yi ɓarna a lambu yanka ta ake yi.

Wata safiya wani malamin makaranta mai suna Nafi'u ya tarar an cinye masa alayyafo kakaf. Shi Nafi'u ya yi karatun jami'a, kuma ba abin da yake so kamar jera hujja da kalmomin Turanci. Da ya leƙa gidan maƙwabciyarsa, Iya Tasalla, ya ga bakin akuyarta kore shar, sai ya kai ƙara. Akuyar nan ita kaɗai tsohuwar ta mallaka, da nononta take dama wa jikokinta fura.

A gaban alƙali Nafi'u ya gyara tsayuwa ya ce, "Allah gafarta Malam, ba zato na zo da shi ba, lojik ne. Firemis na farko, duk abin da ya ci alayyafona bakinsa zai yi kore. Firemis na biyu, bakin wannan akuya kore ne. Saboda haka ita ta ci."

Iya Tasalla ta ƙanƙame igiyar akuya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san Firemis ba, ban taɓa ganinsa ba. Ɗanyar ciyawa na ba ta da sassafe."

Alƙali ya ga maganganun Nafi'u guda biyu gaskiya ne, jama'a kuma sun soma gyaɗa kai. In ya kori ƙarar haka kawai, za a ce tausayi ne ya danne hujja. Can sai ya ce, "Abin da kuke kira lojik, mu manɗiƙi muka karanta shi, wato ilmin tsara hujja. Amma shari'a ba ta daɗi da yunwa. A kawo abinci."

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta sha man shanu. Nafi'u ya zage ya ci, har da santi. Yana ɗago kai alƙali ya ɗaure fuska ya ce, "A kawo igiya, ɓarawon alayyafo ya shiga hannu."

Nafi'u ya waiwaya ya ce, "Yana ina, Malam?"

Alƙali ya ce, "Duk abin da ya ci alayyafonka bakinsa zai yi kore. Bakinka kuwa ga shi kore har gemu. Saboda haka kai ka ci. Da hujjarka na yanke, ban ƙara komai ba."

Zaure ya kaure da dariya. Nafi'u ya shafa baki, ya dubi tafin hannunsa, sai shi ma dariyar ta ƙwace masa. Ya ce, "Wallahi Malam ka kama ni. Cin alayyafo yana sa kore, amma ba shi kaɗai ke sa shi ba. Na juya maganar ban lura ba."

Alƙali ya ce, "To, tashi mu je mu tambayi ƙasa."

Suka ɗunguma zuwa lambun. A bayan shinge suka tarar da faffaɗan sawun raƙumi, ya bi hanyar da fatake suka wuce. Iya Tasalla ta rangaɗa guɗa, ta rungume wuyan akuyarta. Nafi'u ya durƙusa ya ce, "Ki yafe mini, Iya." Ta ce, "Tashi ɗana, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Daga ranar Nafi'u ya riƙa zuwa zauren alƙali bayan la'asar, yana karanta manɗiƙi, shi kuma yana koya wa Malam kalmominsa na Turanci, suna yi suna dariya.

Gaskiya biyu, in an ƙulla su a karkace, ƙarya suke haifarwa. Mai hankali kuwa, kafin ya ɗora hujjarsa a wuyan wani, yakan fara gwada ta a nasa.